Yadda ake ɗaga ƙarfin waƙa bayan miksin ba tare da sautin ya fashe ba

Duk mai haɗa sauti a ɗakinsa ya san wannan ƙorafin. An gama miksin, wato haɗa layukan murya da kiɗa da daidaita su, komai ya zauna daidai a lasifikar sitidiyo, an tura wa mawaƙi. Da yamma sai ga kiransa: "Maigida, waƙar ta yi daɗi, amma fa ba ta da ƙara. Na sa ta bayan ta wane, sai da na ƙure murya kafin na ji ta sosai." Abin da yawancin masu koyo ke yi a nan shi ne su koma kwamfuta su tura fedar masta, wato makamar da ke ɗaga ƙarar waƙar duka, sama har mita ta yi ja, su sake fitarwa. Ƙara takan ɗan ƙaru kam, amma ganga ta fara tsagewa, muryar mawaƙi ta yi kaushi, bes kuma ya koma wani irin gurnani marar kan gado.

Dalili shi ne sautin kwamfuta yana da iyakar da ba ya wucewa, wato 0 dB a kan mita (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Ka ɗauke ta kamar silin ɗaki. In aka ce a ɗaga daɓen ɗakin domin kowa ya yi sama, wanda ya fi kowa tsayi shi zai fara buga kai, alhali gajerun ba su je ko'ina ba. A waƙa, dogayen su ne tsinin bugun ganga, tafi, da wurin da mawaƙi ya kware murya na ɗan lokaci. Su ne ke fara taɓa sifili. Kunne kuwa ba da waɗannan tsinaye yake auna ƙara ba, da matsakaicin ƙarfin da ya daɗe yana ji yake aunawa. Aikin gaba ɗaya ke nan: ka rage tazarar da ke tsakanin tsini da matsakaici, sannan ka ɗaga duka. Mafi yawan wannan aikin a cikin miksin ake yin sa. Limita, mai tare tsini kada ya wuce iyaka, wadda kowa ke ruga wa, ita ce ta ƙarshe, kuma ita ya kamata ta fi kowa ƙarancin wahala.

Fara da awo

Kada ka taɓa komai sai ka san inda kake. Mitar da ke jikin masta tsini kawai take nuna maka, ba ta faɗin yadda kunne zai ji. Kana buƙatar mita mai auna LUFS, ma'aunin da aka gina a kan ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba BS.1770 wadda ta fito a 2006. Youlean Loudness Meter tana da nau'in kyauta, kuma ta ishe ka. Saka ta a gurbi na ƙarshe a kan masta, ka kunna waƙar tun daga farko har ƙarshe ba tsalle, sannan ka rubuta lambobi biyu: wanda aka sa wa suna Integrated, shi ne matsakaicin ƙarfin waƙar duka, da True Peak, shi ne tsini mafi tsawo. Lambobin LUFS ƙasa da sifili suke, don haka -9 ya fi -14 ƙara.

Sai ka nemo waƙa ɗaya ko biyu da aka yi a babban sitidiyo, irin salon taka, wadda kake son taka ta tsaya kusa da ita. Ka samo ta da inganci, ba wadda ta sha yawo daga waya zuwa waya ba. Jawo ta cikin aikinka a layin da ba ya bi ta kayan da ke kan masta, ka auna ta ita ma. Yawancin waƙoƙin zamani masu kiɗan rawa za ka same su tsakanin -10 da -7 LUFS. Bayan ka rubuta lambarta, rage mata murya har ta yi daidai da taka, ka saurare su bi da bi. A nan ne za ka ji ainihin bambancin: galibi besinsu ya fi naka tsabta, muryarsu kuma ba ta hawa da sauka kamar taka.

A ina za a ji waƙar?

Wannan tambayar ce ke yanke lambar da za ka nufa. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa -14 LUFS. In taka ta fi haka ƙara sai ya rage ta. YouTube ma wajen -14 yake, kuma in ka danna dama a kan bidiyo ka buɗe Stats for nerds za ka ga nawa aka rage. Apple Music wajen -16 yake kaiwa. Gidajen rediyo da talabijin na Turai suna bin ƙa'idar EBU R128, wato -23. Shi ya sa za ka ji masu koyarwa a intanet suna cewa ka tsaya a -14 ka huta.

Shawarar tasu daidai ce ga wanda masu sauraronsa duk a waɗannan manhajoji suke. Mu kuwa a nan, waƙa tana tafiya ne ta Xender da Bluetooth da WhatsApp, ta hannun masu tura waƙoƙi a kasuwa, ta memori a cikin adaidaita sahu, ta lasifikar DJ a gidan biki. Babu mai daidaita komai a waɗannan wuraren. Waƙar da ke -14 in ta biyo bayan mai -8, sai ta yi kamar an rufe ta da bargo. Saboda haka ni abin da nake gani shi ne: waƙar soyayya ko ta rawa mai kiɗan fiyano da ganga mai nauyi, ka nufi -10 zuwa -9. Waƙar bege ko ta gargajiya da murya ce gaba, gurmi ko kalangu na biye, -13 zuwa -12 ya wadatar, kuma matse ta fiye da haka zalunci ne ga muryar. Karatu, wa'azi ko hira, -16. In ka fitar da mai -10 ka ɗora a Spotify, babu abin da zai same ta illa a rage mata murya, don haka ba dole ne ka yi fayil biyu ba, sai in matsewar ta yi yawa har ana jin ta.

Buɗe wa masta wuri

In manhajar FL Studio kake amfani da ita, duba masta tukuna. Wasu daga cikin shimfiɗun da take buɗewa da su suna zuwa da Fruity Limiter a kai tun farko, mutum ya yi ta miksin bai san ana danne masa sauti ba. Kashe ta. Kashe duk wani abu da ka ɗora don neman ƙara. Yanzu kunna wurin da ya fi cika a waƙar, galibi amshi na ƙarshe, ka dubi mita. Ana so tsinin ya tsaya wajen -6 dB, ko ya ɗan haura zuwa -3. In yana wuce haka, zaɓi layukan duka ka sauke su tare da adadi ɗaya domin kada daidaiton da ka sha wahala a kai ya rushe. Waƙar za ta yi sanyi, sai ka ƙara muryar lasifikarka, ba ta masta ba.

Bes, inda ƙarar take ɓacewa

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Sauti mai kauri, daga 100 Hz zuwa ƙasa (Hz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce mai kauri), shi ya fi kowane cin wuri a mita, kuma shi kunne ya fi rauni wajen ji. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, yana kuma buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya ji na ƙasa. Ƙari a kan haka, lasifikar waya ba ta iya fitar da ainihin bes ko kaɗan. Ke nan in ka cika waƙa da bes mai zurfi, ka ba da rabin wurinka ga abin da mafi yawan masu sauraronka ba za su taɓa ji ba, limita kuma shi za ta yi ta kokawa da shi tana danne murya tare.

Matsalar ta fi tsanani a ɗakin gida domin ƙananan lasifiku da ɗaki marar gyara suna ɓoye bes, sai mutum ya yi ta ƙarawa. Sa Voxengo SPAN, mai nuna hoton ƙarfin sauti daga mai kauri zuwa siriri, ita ma kyauta ce, ka kwatanta hoton ƙasan waƙarka da na waƙar da ka ɗauko don gwaji. Sau da yawa za ka ga tudu a taka daga 60 Hz zuwa ƙasa wanda babu shi a tasu.

Bi layuka ɗaya bayan ɗaya da ikwalaiza, mai rage ko ƙara wani sashe na sauti, ka yanke ƙasan duk abin da ba kik (babbar ganga mai kauri) ko bes ba. Muryar namiji a yanke daga wajen 80 Hz zuwa ƙasa, ta mace wajen 100 zuwa 120. 'Yan amshi ana iya haurawa da su har 150, tunda muryoyi huɗu ko shida ne aka jera, kaurinsu in ya taru yana zama laka. Fiyano, jita, algaita ko sarewar kibod, duk a rage musu ƙasa. Yadda ake yi shi ne ka yi ta jan yankan sama kana sauraron waƙar duka, ba layin shi kaɗai ba, har ka ji abin ya fara sirancewa, sai ka ɗan koma baya. Kada ka manta da layin ribab (amon ɗaki) da na eko (amsa-kuwwa). Su ma a yanke musu daga 200 zuwa ƙasa, domin amon da ke bin murya in yana ɗauke da kauri, shi ne ke cika waƙa da hazo.

Wannan yankan yana da wani amfani na musamman a wurinmu. Wutar lantarkinmu a 50 Hz take gudu, kuma waya marar kyau ko rashin wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa kan shigar da ƙugi a daidai wannan wurin. Ga kuma rurin janareta da iskar fanka da makirfo ke kwasowa. A miksin mai sanyi ba ka jin su. Da zarar ka ɗaga waƙar da 8 dB, su ma sun tashi da 8 dB, sai ka ji su ɓaro-ɓaro a wurin da kiɗa ya tsaya mawaƙi ya ja numfashi. Share tsakanin baitoci da hannu tun yanzu.

Sai kik da bes. In suka faɗo lokaci guda da ƙarfinsu duka, tsinin da suke haifarwa ya fi na kowannensu nesa ba kusa ba. Sa kwamfiresa, mai danne sauti in ya yi ƙarfi, a kan bes, wadda kik zai riƙa tunzurawa, ta yadda duk bugu bes zai ɗan sunkuya da 2 zuwa 4 dB ya dawo da sauri. Fruity Limiter tana yin wannan a ɓangarenta na COMP. Ka kuma mayar da duk abin da ke ƙasa da 120 Hz ya zama a tsakiya, ba hagu da dama ba.

To in ka rage bes, ta yaya mai waya zai ji shi? Da ɗan ƙuna. Saka fulogin (ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a kan layi) mai ɗumama sauti, irin masu kwaikwayon kaset ko tsohuwar amfilifaya, a kan bes, kaɗan kawai. Abin da take yi shi ne ta haifar da 'ya'yan sauti a sama da asalin: bes mai 55 Hz ya samu 110, 165, 220 da sauransu. Waya tana iya fitar da na saman, kunne kuma da ya ji su sai ya cike asalin da kansa. Ka samu bes da ake ji a ko'ina ba tare da ya ci maka mita ba.

Daga nan ka leƙa tsakanin 200 da 400 Hz, inda fiyano da muryoyi da ganguna ke cunkushewa. Rage 2 ko 3 dB a layin da ya fi laifi ya fi rage wa masta duka.

Danne tsini tun daga tushe

Murya ita ce ta biyu wajen cin wuri. Mawaƙi yakan fara baiti a hankali, ya zo tsakiya ya ɗaga har bambancin ya kai 10 dB. Kafin kwamfiresa, bi muryar da hannu: yanka kalmomin da suka yi tsalle ka sauke su, waɗanda suka nutse ka ɗaga su. Aiki ne mai cin lokaci, amma babu fulogin da ke yin sa da kyau kamar kunnenka. Bayan haka kwamfiresa mai rashiyo (yawan dannewa) 3:1 ko 4:1 tana cire 3 zuwa 5 dB ta ishe ka. Ka kula da harufan "s", "sh" da "ts", waɗanda Hausa ke cike da su. Duk ƙarar da za ka yi daga baya sai ta ƙara musu kaifi, don haka sa musu abin rage tsiwa a wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz.

Ganguna, tafi da bakin kalangu kuwa, tsininsu gajere ne ƙwarai, ɗan ƙiftawa. Tara su a layi ɗaya ka sa kilifa, mai yanke kan tsini, kamar Fruity Soft Clipper, ta aske 1 zuwa 3 dB daga kan tsinin. Saboda gajartarsa kunne ba ya lura an taɓa shi, amma mita za ta sauka nan take. Kilifa a kan ganga alheri ce. A kan murya ko bes mai dogon ja kuwa, nan da nan ake jin tsagewa.

In ka yi waɗannan, sake aunawa. Za ka ga tsini ya sauka alhali LUFS bai motsa sosai ba. Wannan tazarar da ta ragu ita ce ƙarar da ka samu kyauta. Fitar da miksin a WAV, 24 bit ko 32, ka buɗe sabon aiki don mastarin, wato gyaran ƙarshe a kan waƙar duka. Zai fi kyau ka bar shi ya kwana.

Jerin kayan masta

Ikwalaiza farko. Yanke daga 25 ko 30 Hz zuwa ƙasa. Duk wani gyara bayan wannan kada ya wuce 1 dB ko 1.5, in ka ga yana neman 4, koma miksin.

Kwamfiresa ta biyu, mai taushi: rashiyo 2:1 ko ƙasa, atak (saurin kamawa) wajen milisakan 30 don bugun ganga ya wuce, rilis (saurin saki) wajen 100 ko na kai-da-kai. Allurar ta riƙa motsi 1 zuwa 2 dB, ba fiye ba. In miksin ya riga ya haɗu, tsallake ta.

Kilifa ta uku, in waƙar mai ganga ce, ta sake aske 1 dB.

Sai limita. Ko FabFilter Pro-L 2 ce, ko Waves L2, ko ta cikin Ozone, ko LoudMax ta kyauta, abu biyu za ka saita. Na farko silin, wato iyakar fita: sa shi a -1.0 dB, ka kunna True Peak in tana da shi. A LoudMax sunansa ISP. Spotify da kansa -1 yake ba da shawara, har ma -2 ga waƙar da ta fi -14 ƙara. Dalili shi ne lokacin da aka mayar da WAV zuwa MP3 ko AAC, tsinaye kan ɗan haura inda suke, kuma waƙar da aka ƙure a sifili sai ta fashe a wayar mutane duk da cewa a kwamfutarka lafiya take. Na biyu shi ne yawan turawa. Kunna wurin da ya fi cika, ka riƙa turawa rabin dB rabin dB, idonka a kan mitar da ke nuna nawa limita ke cirewa.

Ga lissafin da zai nuna maka inda ka dosa. A ce miksin ɗinka yana -18 LUFS, tsininsa -6. Daga -6 zuwa -1 akwai 5 dB da za ka ɗaga ba tare da limita ta taɓa komai ba, ka kai -13 ke nan. Don ka kai -10 sai ta cire 3 dB ko ɗan fiye a kan tsinaye, kuma wannan kowace limita mai kyau za ta yi shi cikin rufin asiri. Amma in miksin yana -22 da tsini iri ɗaya, to sai ta cire 7 ko 8 kafin ka kai wurin, kuma babu limitar da za ta yi haka waƙa ta fita da ranta. In ka ga tana wuce 4 dB a kai a kai, ko ka raba aikin tsakanin kilifa da limita biyu kowacce ta ɗauki kaɗan, ko, abin da ya fi, ka koma kan bes da murya.

Kada kunne ya yaudare ka

Duk abin da ya fi ƙara, ko da rabin dB ne, kunne yana cewa ya fi daɗi. Don haka kashe limita da kunna ta ba gwaji ba ne. Gwajin gaskiya shi ne ka rage muryar wadda ka yi wa mastarin har LUFS ɗinta ya yi daidai da na miksin na asali, sannan ka saurare su bi da bi. Ka kasa kunne ga abu huɗu. Kik yana nan da naushinsa ko ya koma taɓo? Murya tana nutsewa duk lokacin da ganga ta faɗo? Amshi yana tashi sama da baiti kamar yadda yake a da, ko duk sun zama tsayi ɗaya? Akwai ɗan ƙaiƙayi a kan dogayen wasula, inda mawaƙi ya ja "aa"? Ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, koma baya da 1 dB. Na ukun ya fi ba ni takaici in na ji shi a waƙa, domin mawaƙi ya yi aikinsa, ya tara ƙarfi ya sake shi a amshi, sai limita ta shafe. Maganinsa mai sauƙi ne: rage baitoci da rabin dB zuwa 1 dB kafin sauti ya shiga limita, amshi ya samu wurin tashi.

Ka yi wannan sauraron da murya matsakaiciya, wadda za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga harshe ba, kuma ka riƙa hutawa. Kunnen da ya gaji yana neman ƙarin kaifi da ƙara, kuma kunnen nan shi ne jarinka.

Fitarwa

Fitar da WAV 24 bit don ajiya da kuma ɗorawa a manhajoji, a 44.1 kHz, ko 48 in bidiyo za a yi. In an buƙaci 16 bit, kunna dita (dither, ɗan siririn amo da ke hana sauti kaushi in an rage bit) sau ɗaya tak, a matakin ƙarshe. Kada ka danna Normalize bayan limita, zai tura tsinin zuwa sifili ya cinye 1 dB ɗin da ka bari. Daga WAV ɗin ka yi MP3 mai 320 kbps, sannan ka dawo da MP3 ɗin cikin manhaja ka auna shi da Youlean. In True Peak ya haura sifili, sauke silin zuwa -1.5 ka sake fitarwa.

Ka ji ta a lasifikar waya, a iyafis mai arha, a ƙaramar lasifikar Bluetooth, a mota in akwai, kowane lokaci kusa da waƙar gwajin nan ba tare da ka taɓa murya ba. In za ka tura wa mawaƙi ta WhatsApp, tura ainihin fayil ɗin a matsayin dokumen, ka kuma roƙe shi shi ma haka zai riƙa turawa, domin in aka ɗora ta a sitatus an sake matse ta ke nan, kuma ba da wannan kwafin ya kamata ya auna aikinka ba.